Tsohon malaminmu yana neman Majalisar Wakilai karo na biyu: da me ya kamata mu auna shi?

Ɗalibin Jiya ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina da wata tambaya da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, na ga ya dace in kawo ta nan, inda akwai masana doka da kuma waɗanda suka yi siyasa a aikace. Ba zan ambaci sunan mutumin ko na mazaɓarmu ba, domin ban zo tallata shi ba, ban kuma zo ɓata masa suna ba.

Akwai wani bawan Allah a ƙaramar hukumarmu wanda ya koyar da mu lissafi a sakandare. Ɗan manomi ne, da takardar NCE ya fara koyarwa, daga baya ya yi digiri yana karatu lokacin hutu. Bayan shekaru yana riƙe da alli, mutanen gundumarmu suka matsa masa ya fito kansila, ya fito kuma ya ci. A zaɓen 2015 ya nemi tikitin majalisar dokokin jiha, daliget suka ba wani. Bai yi fushi ya fice ba, ya tsaya ya yi wa wanda ya kayar da shi aiki har aka ci zaɓe. A 2019 tikitin ya zo hannunsa, ya yi nasara, ya yi shekara huɗu yana wakiltarmu a majalisar jiha. Da 2023 ta zo bai nemi tazarce ba, sai ya nemi kujerar Majalisar Wakilai, wadda mazaɓarta ta haɗa ƙananan hukumomi uku. Ya ci tamu da rata mai yawa, amma ya faɗi a sauran biyun. Ya je kotun sauraron ƙararrakin zaɓe aka kori ƙararsa, ya ɗaukaka ƙara aka tabbatar da hukuncin farko. Yanzu ya sauya sheƙa zuwa wata jam'iyya, kuma mutanensa sun fara zagayawa suna cewa zai sake neman kujerar.

Garinmu ya rabu biyu a kansa. Masoyansa suna lissafa rijiyoyin burtsatse, da ajujuwan da aka gyara, da yaran da ya biya wa kuɗin jarrabawar kammala sakandare. Masu adawa da shi suna cewa shekara huɗu ya yi yana ɗumama kujera, ba a taɓa jin ya saɓa wa gwamna ba, kuma wanda ya bar jam'iyyar da ta yi masa riga da wando zai iya barin kowa. Ni kuwa ina tsakiya, domin ina jin nauyinsa a matsayin malamina, shi ne ya hana mahaifina cire ni daga makaranta a aji uku, amma ba na son in jefa ƙuri'a don biyan bashin alheri kaɗai, in kuma ja iyalina su bi ni a kan haka.

Abin da nake so in sani shi ne, shin shekara huɗu a majalisar jiha hujja ce ta cewa mutum zai iya aikin majalisar tarayya? Ta yaya talaka kamata zai bincika abin da ɗan majalisa ya yi a zauren majalisa? Kuma faɗuwa da sauya sheƙa aibi ne da ya isa a juya wa mutum baya?

Lauyan Ƙasa ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka maka da alheri da ka tsaya yin bincike kafin ka yanke hukunci. Zan tsaya a ɓangaren da na sani, wato takardu da shari'a.

Sharuɗɗan da kundin tsarin mulkin 1999 ya gindaya wa kujerun biyu kusan iri ɗaya ne. Sashe na 106 ya yi magana a kan majalisar jiha, sashe na 65 kuma a kan majalisar tarayya. Dole mutum ya zama ɗan Najeriya, ya yi karatu aƙalla zuwa matakin takardar kammala sakandare ko makamanciyarta, kuma wata jam'iyya ta tsayar da shi, domin har yanzu babu takarar indifenda a tsarinmu. Tun da aka sa hannu a gyaran da ya rage shekarun takara a ranar 31 ga Mayu, 2018, shekara 25 ta isa mutum ya nemi majalisar jiha ko Majalisar Wakilai, amma Majalisar Dattawa tana nan a 35. Saboda haka malaminka ya cika sharaɗin doka tun da daɗewa, sai dai cika sharaɗin doka ƙofar shiga ce kawai, bai gaya maka komai a kan ƙwazon mutum ba.

Abu na farko da zan ba ka shawara shi ne ka karanta abin da ya rantse a kansa. Kowane ɗan takara yana cike fom mai suna EC9, inda yake bayyana shekarunsa da makarantun da ya yi da ayyukan da ya riƙe. Dokar zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 da ita, ta wajabta wa hukumar INEC ta liƙa waɗannan bayanai a mazaɓar cikin kwana bakwai da karɓarsu, ta kuma ba kowa damar ya nemi kwafe idan ya biya kuɗin da aka ƙayyade. Tun da mutumin nan ya tsaya a 2019 da 2023, akwai fom biyu da za ka ajiye gefe da gefe ka ga ko shekarar haihuwa da sunaye da takardun karatu sun yi daidai da juna. Kada ka raina wannan. A ranar 13 ga Fabrairu, 2020, saura kwana ɗaya a rantsar da David Lyon a matsayin gwamnan Bayelsa, Kotun Ƙoli ta soke nasararsa saboda matsalar da aka samu a takardun mataimakinsa, duk ƙuri'un da jama'a suka ba su suka tafi a banza.

Abu na biyu, wanda a ganina ya fi na farko muhimmanci yanzu da ya sauya jam'iyya, shi ne hanyar da zai bi ya sami tikiti. A zaɓen 2023, dokar 2022 ta amince da hanyoyi uku: ƙato-bayan-ƙato, da zaɓen daliget, da masalaha, kuma ta ce masalaha ba ta inganta sai duk waɗanda aka tantance sun amince a rubuce. Mutanen Zamfara sun ga illar wasa da wannan mataki. A ranar 24 ga Mayu, 2019, Kotun Ƙoli ta ce jam'iyyar APC ba ta yi sahihin zaɓen fidda gwani a jihar ba, aka karɓe kujerar gwamna da ta sanatoci uku da 'yan Majalisar Wakilai bakwai da 'yan majalisar jiha 24, aka miƙa wa waɗanda suka zo na biyu. Idan sabuwar jam'iyyar malaminka tana fama da rikicin shugabanci, ko an yi masa alkawarin tikiti ta bayan gida alhali akwai waɗanda suka daɗe suna jira, to ƙuri'arka tana cikin haɗari ko da ya ci.

Game da faɗuwarsa a kotu, kada ka ɗauke ta shaidar cewa ƙarya ya yi, kada kuma ka ɗauke ta shaidar cewa zalunci aka yi masa. Mai ƙara yana da kwana 21 kacal ya shigar da ƙara, kotun farko tana da kwana 180, ta ɗaukaka ƙara kwana 60, kuma a shari'ar kujerun majalisa hukuncin Kotun Ɗaukaka Ƙara shi ne na ƙarshe. Ƙararraki da yawa suna mutuwa ne saboda mai ƙara ya kasa kawo shaidu daga kowace rumfar da yake ƙorafi a kanta. A Filato an cire 'yan majalisar jiha 16 na PDP a ƙarshen 2023 bisa hujjar da Kotun Ƙoli ta ƙi amincewa da ita a shari'ar Gwamna Caleb Mutfwang a Janairun 2024, amma su 'yan majalisar ba su da inda za su ƙara zuwa.

Sauya sheƙa kuwa, tsarin mulki ya hana ta ne ga wanda yake kan kujera. Sashe na 109 da na 68 sun ce ɗan majalisar da ya bar jam'iyyar da ta kawo shi ya rasa kujerarsa, sai idan jam'iyyar ta dare gida biyu ko ta haɗe da wata. Malaminka ya sauya ne bayan ya sauka, don haka bai ɗauki amanar ƙuri'ar kowa ya kai wani gida ba. Abin da ya rage shi ne dalilinsa, wannan kuma shi za ka tambaya.

Tsohon Ɗan Jarida ya amsa:

Barista ya gama da ɓangaren takardu. Ni na yi shekaru ina ɗauko rahoto daga zauren wata majalisar jiha, kuma tambayarka ta biyu ce ta fi jan hankalina, domin ba kasafai ake yin ta ba.

Da farko, tarihin koyarwa abin alfahari ne a siyasar Arewa. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya riƙe shugabancin makarantar midil ta Bauchi kafin ya shiga majalisar dokokin Arewa a 1946, daga nan ya wuce majalisar Ikko. Shehu Shagari malamin makaranta ne kafin ya shiga majalisar tarayya a 1954, Malam Aminu Kano shi ma daga aji ya fito kafin ya ci kujerar Kano ta Gabas a 1959. Tajuddeen Abbas, wanda aka zaɓa Kakakin Majalisar Wakilai a Yunin 2023, ya koyar kafin ya fara wakiltar Zariya a 2011. Hawa daga majalisar jiha zuwa ta tarayya ma hanya ce da aka saba bi: Kabiru Alhassan Rurum ya riƙe kakakin majalisar Kano kafin ya tafi Abuja a 2019, haka Yusuf Gagdi ya riƙe mataimakin kakaki a Filato. To amma bin hanyar da manya suka bi ba ya mayar da mutum irinsu.

Mutane suna raina majalisar jiha, alhali ita ce ta fi kusa da rayuwarsu. Ita ke amincewa da kasafin kuɗin jiha, ita ke tantance kwamishinoni, ita ke yin dokokin ƙananan hukumomi, kuma sashe na 128 da na 129 sun ba ta ikon bincike da na kiran kowane jami'i ya zo ya yi bayani. Ita ce ta tsige Gwamna Balarabe Musa a Kaduna a Yunin 1981 bayan ta ƙi amincewa da kwamishinoninsa. A Kano doka ɗaya ta majalisar jiha ce ta ƙirƙiro masarautun Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye a 2019, wata dokar kuma ta rushe wancan tsari a Mayun 2024. Ko tsarin mulkin ƙasa ba a gyara shi sai majalisun jihohi 24 cikin 36 sun yarda. Wanda ya zauna a irin wannan wuri shekara huɗu ya bar sawu, ko mai kyau ko maras kyau.

Ga yadda za ka bi sawun. Kowace majalisa tana da ofishin akawu, inda ake ajiye jerin ayyukan kowace rana da kundin abin da aka tattauna da abin da aka zartar. Tsarin mulki ya ce majalisa ta zauna aƙalla kwana 181 a shekara, kuma akwai rajistar halarta. Ka rubuta wa akawun majalisa takarda, ko ku rubuta da sunan ƙungiyar ci gaban garinku, ku nemi sanin ƙudurorin doka da mutumin nan ya gabatar, da kwamitocin da ya zauna a ciki, da rahotannin da kwamitinsa ya miƙa. Idan aka ja muku rai, ku nemi 'yan jaridar da suke zama a majalisar, domin su sun san wanda yake karanta kasafin kuɗi da wanda yake zuwa ya sa hannu ya fita. Ku bambanta ƙudurin doka da ƙudurin jan hankali. Na biyun kira ne kawai ga gwamnati, ba ya ɗaure kowa, kuma da shi 'yan majalisa da yawa suke cika takardun kamfe. Akwai gibi guda da za ku tarar: yawancin ƙuri'un zaure da murya ake yin su, masu cewa e da masu cewa a'a, don haka ba a rubuta matsayin kowane mutum da sunansa. Shi ya sa aikin kwamiti ya fi nuna gaskiyar mutum. Tsohon malami da ya zauna a kwamitin ilimi ya kamata a ga ya zagaya makarantu, ya tambayi ma'aikatar ilimi abin da aka saki daga cikin abin da aka ware, ya kuma yi magana a kan albashi da ƙarin girman malamai.

Zargin cewa bai taɓa saɓa wa gwamna ba yana da nauyi, amma a yi masa adalci. Yawancin majalisun jihohinmu 'yan amshin shata ne, saboda gwamna ne ke riƙe da jam'iyya da tikiti da kuɗin gudanarwa. A gyaran tsarin mulki na 2010 majalisun jihohi da kansu suka kasa ba da yawan da ake bukata don su sami 'yancin cin gashin kansu ta fuskar kuɗi, sai a 2018 aka samu ya shiga. A irin wannan yanayi ba lallai ka ji jarumi yana ihu a zaure ba. Abin da zan nema shi ne ko akwai rana ɗaya da ya ƙi sa hannu a wani abu, ko ya tsaya wa wata al'umma a kan filinta ko haƙƙinta, har hakan ya jawo masa asara. Idan masoyansa suka kasa kawo misali ko guda, wannan amsa ce.

Sannan ka sani Abuja wata duniya ce daban. A jiha yana cikin mutum 24 zuwa 40, kowa ya san kowa, wani lokaci har a yi muhawara da Hausa. A Majalisar Wakilai zai zama ɗaya cikin 360, sabon shiga, a wurin da ake fifita waɗanda suka daɗe wajen rabon shugabancin manyan kwamitoci. Abubuwan da zai yi doka a kansu su ne tsaro da kuɗin ƙasa da kwastan da man fetur da hulɗa da ƙasashen waje, kuma ƙudurinsa sai ya tsallake karatu uku, Majalisar Dattawa ta amince, shugaban ƙasa ya sa hannu. Rijiyar burtsatse ba ta gaya maka ko zai iya wannan. Ni da za a bi tawa, da an daina lissafa rijiyoyi gaba ɗaya idan ana maganar ɗan majalisa.

Uwar Marayu ta amsa:

Ina gaishe ku duka. Na ƙaru da bayanin Barista da na Baba ɗan jarida, amma ban yarda da maganar Baba ta ƙarshe ba, kuma ina roƙon ya yi mini haƙuri.

Ina jagorantar wata ƙungiyar mata a karkara, kuma na san abin da ake nufi da a ce mace ta yi tafiyar awa guda kafin ta sami ruwan sha. Matar da aka haƙa wa rijiya a ƙofar gidanta ba jahilci ne ya sa take lissafa ta ba. Gaskiya ne aikin ƙaramar hukuma ne da gwamnatin jiha, amma shekara da shekaru kuɗin ƙananan hukumomi suna maƙale a asusun haɗin gwiwa, har sai da Kotun Ƙoli ta yi hukunci a kai a ranar 11 ga Yuli, 2024. Idan ciyaman ba shi da iko da kuɗinsa, wurin wa talaka zai je in ba wurin wanda ya ga ya zo neman ƙuri'arsa ba? Bayan haka, ayyukan mazaɓu suna cikin kasafin kuɗin tarayya, an daɗe ana ware musu naira biliyan 100 a shekara, kuma ɗan majalisa ne yake zaɓar abin da za a yi da inda za a yi shi. Tun da haka tsarin yake, yadda mutum ya yi da irin wannan dama a jiha ma'auni ne halastacce.

Abin da zan ce shi ne a lissafa rijiyoyin, amma a lissafa su da ido buɗe. Ɗana, ka ɗauki babur ka zagaya. Rijiya nawa ce take ba da ruwa yau? A unguwar da ake bukata aka haƙa ta, ko a ƙofar gidan shugaban jam'iyya? Ajujuwan da aka gyara rufinsu ya kai damina biyu? Yaran da aka biya wa kuɗin jarrabawa, an duba talaucin iyayensu ne ko katin jam'iyyarsu? Sannan a daina cewa da kuɗin aljihunsa ya yi idan daga baitulmali aka fitar, domin wannan ƙaryar ce take mayar da haƙƙin mutane ya zama kyauta. Hukumar ICPC mai yaƙi da cin hanci tana bin diddigin ayyukan mazaɓu tun 2019, ta kuma sha gano kayan tallafi da aka ɓoye da ayyukan da aka karɓi kuɗinsu aka watsar, don haka wannan bincike ba raini ba ne ga kowa.

Akwai kuma ma'aunin da ba ya cikin kowace takarda. Bayan ya ci zaɓe a 2019, ya ci gaba da zama cikinku ko ya tare a babban birni? Bayan ya faɗi a 2023, an ci gaba da ganinsa a jana'iza da asibiti, ko sai yanzu da zaɓe ya ƙarato? Mu mata mu ne muke cika layi tun asuba ranar zaɓe, kuma mu ne aka fi yi wa rabon atamfa da sabulu a manta da mu. Ka tambayi matan gidanku ko ya taɓa zama da su ya ji matsalar asibitin haihuwa, ba ta bakin shugabar mata ta jam'iyya ba.

Ejan Akwati ya amsa:

Hajiya ta faɗi gaskiya, Baba ma ya faɗi gaskiya, kowa da gefen da ya hango. Ni tun 1999 nake tsayawa jam'iyya a rumfar zaɓe, don haka bari in yi magana a kan faɗuwar 2023, wadda ita ce ba a taɓa ba.

Yadda ka ba da labarin, ban ga abin mamaki ba. Mazaɓar majalisar jiha sau da yawa ƙaramar hukuma ɗaya ce ko rabinta, inda malamin makaranta ya koyar da rabin masu jefa ƙuri'a ko 'ya'yansu. Dubi Kano: ƙananan hukumomi 44, kujerun majalisar jiha 40, amma na Majalisar Wakilai 24. Katsina tana da 34 a jiha, 15 a tarayya. Da zarar mutum ya tsallaka iyakar ƙaramar hukumarsa, sunan da ya yi a aji ba ya bin sa, sai ya nemi iyayen gida a kowace gunduma. Kujerar majalisa kuma ba ta da sharaɗin kashi 25 kamar ta gwamna ko shugaban ƙasa, wanda ya fi yawan ƙuri'a shi ya ci, don haka ƙaramar hukuma ɗaya mai yawan jama'a tana iya yanke hukunci. Ka bincika ko akwai yarjejeniyar karɓa-karɓa tsakanin ƙananan hukumomin uku. Ba ta cikin doka, amma idan mutanen can suna ganin lokacinsu ne aka ƙwace, ko waliyyi aka tsayar ba za su zaɓe shi ba.

Sai maganar rana. Zaɓen majalisar jiha tare da na gwamna ake yin sa, a 2023 ranar 18 ga Maris. Na majalisar tarayya kuwa tare da na shugaban ƙasa, ranar 25 ga Fabrairu, ana miƙa wa mutum takardun ƙuri'a uku a lokaci guda. Da yawa sak suke yi daga sama har ƙasa, masu yin shinkafa da wake ba su da yawa. Guguwar 2015 ta kai mutane Abuja waɗanda ko a unguwarsu ba a san su sosai ba, haka guguwar NNPP a Kano a 2023 ta ci kujerun sanata biyu cikin uku, har Kawu Sumaila ya kayar da Kabiru Gaya wanda yake majalisar tun 2007. Mai yiwuwa malaminka guguwa ce ta bi ta kansa, mai yiwuwa kuma lissafin guguwa ne ya sa ya sauya sheƙa yanzu. Wannan ba laifi ba ne a wurina, amma gara ya faɗa da bakinsa da ya ce wai jama'a ne suka matsa masa.

Abin da na fi so ka sa wa ido shi ne kuɗi. A 2022 fom ɗin APC na majalisar jiha naira miliyan 2 ne, na Majalisar Wakilai miliyan 10. Na PDP dubu 600 ne da miliyan 2 da rabi. Dokar zaɓe ta 2022 ta ƙayyade kashe miliyan 30 ga mai neman majalisar jiha, miliyan 70 ga mai neman Majalisar Wakilai, kuma duk wanda ya yi wannan harka ya san daliget da motoci da ejan-ejan da lauyoyi suna cin abin da ya wuce tunani. Tsohon malami da ya yi zango ɗaya a majalisar jiha, ya yi takarar tarayya, ya yi shari'a har kotu biyu, daga ina zai samo na karo na biyu? Idan wani ne yake ɗaukar nauyinsa, to ku san ko wane ne, domin shi za a fara wakilta kafin ku. Kiranye yana cikin tsarin mulki, amma sai fiye da rabin masu rajista sun sa hannu an kuma tantance, kuma yunƙurin da aka yi wa Dino Melaye a Kogi ya rushe ne a wurin tantancewar a 2018. Wanda kuka tura, sai ya cika shekara huɗunsa.

Ɗalibin Jiya ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara muku sani. Na yi magana da shugabannin ƙungiyar tsofaffin ɗalibanmu, mun amince za mu rubuta wa akawun majalisa, mutum biyu kuma za su zagaya ayyukan kamar yadda Hajiya ta ce. Game da karɓa-karɓa, na tambayi wani dattijo ya tabbatar mini cewa mutanen ƙaramar hukumar da ta fi yawan jama'a suna ganin an tsallake su a 2023, abin da ban taɓa sani ba. Muna so mu gayyaci Malam zama na musamman, mu yi masa tambaya a kan dalilin sauya sheƙarsa da wanda yake ɗaukar nauyin takararsa. Damuwata ita ce kada ya ɗauka ɗalibansa sun yi masa rashin kunya. Barista, akwai abin da doka ta hana a irin wannan zama tun da ba a buɗe kamfe ba?

Lauyan Ƙasa ya amsa:

Babu abin da ya hana 'yan ƙasa su zauna da mutum su yi masa tambayoyi, sashe na 39 da na 40 na tsarin mulki sun kare wannan. Abin da dokar zaɓe ta ƙayyade wa lokaci shi ne yaƙin neman zaɓe a bainar jama'a, saboda haka ku yi zaman a rufaffen wuri, ba fosta ba tutar jam'iyya, kada kuma ku karɓi kuɗin mota daga hannun kowa. Ku aika masa da tambayoyin a rubuce mako guda kafin ranar, cikin ladabin da ya dace da malami, domin ya zo da takardunsa. Ku naɗa wanda zai rubuta amsoshinsa, a karanta masa a ƙarshen zama ya tabbatar haka ya faɗa. Idan sauran masu neman kujerar suka bayyana, ku aika musu da tambayoyin nan ba tare da canza ko kalma ɗaya ba.